Wankin Bindigar Baba Tsoho

Ana tsakiyar marka Allah ya karɓi Baba Tsoho, kakan maigidana. Daminar irin wadda gishiri ke narkewa a kwano ce, ashana sai an ɗumama ta a gefen murhu kafin ta kama, wanki kuma ya yini ya kwana a igiya yana warin danshi. Shekarar ma duk haka take, ta ƙi zama wuri ɗaya. Tun da aka ce gwamnati za ta ɗauki sunan garinmu, Abuja, ta ba sabon birnin da za a gina, mu kuma a sa mana wani, kowa ke yawo da tambaya a bakinsa. Motocin masu awon ƙasa suna ta wucewa ta gindin Dutsen Zuma, baƙi suna neman ɗakin haya har cikin unguwarmu ta Wambai. Baba Tsoho kan ce shi dai a bar masa gonarsa da biranta, suna kuwa a kai shi duk inda aka ga dama. To, na Allah muke, wurinsa kuma za mu koma. An bar gonar, an bar biran, shi aka ɗauka.

Zaman makoki ya cika. Maharba 'yan'uwansa sun zo da rigunansu masu layu, suka zauna a zaure. Wata Bagwariya da gonarta ke maƙwabtaka da tamu a wajen Kurmin Sarki ta shigo cikin gida tana share hawaye, ta ce, "Bana biri zai yi sallah da masarata." Har maƙwabcinmu tsohon soja, mutumin Binuwai, ya zo ya durƙusa ya ce shi ko a bariki bai ga mai kula da bindiga kamar Baba ba. Amma abin da aka fi maimaitawa shi ne wai bai taɓa kuskuren harbi ba, wai asiri gare shi, wai akwai abin da yake ciyarwa a cikin surin da ke bayan gidanmu, shi ya sa ba ya fita farauta sai ya harbe shi tukuna.

Ina bakin murhu ina tuƙa tuwon baƙi, ina jin su. Ba wurin maganata ba ne. Sai dai na ji tsoron kada 'ya'yana su tashi da wannan labarin kaɗai, su ɗauka kakansu layu ne suka yi masa aiki. Shi ya sa na ce bari in rubuta abin da idona ya gani, da ɗan bokon da na samu a ajin yaƙi da jahilci.

Da aka kawo ni gidan nan, shi ne ya fara sa ni dariya. Ya leƙo ya ce, "Wannan ai tawa ce, yaron nan riƙo kawai na ba shi." Daga ranar sunana a bakinsa Amarya, har na haifi 'ya'ya huɗu bai canza ba. Aikin farko da ya ba ni kuwa, ba tuwo ba ne, ba fura ba. Wata tukunyar Gwari ya miƙo mini, baƙa ƙirin, ya ce, "Wannan ba ta miya ba ce. Duk ranar da kika ji na yi harbi, ki ɗora ruwa a cikinta, ya tafasa har ya yi tsalle."

Bindigar toka ce, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Ta mahaifinsu ce, ya gada. Mace ba ta taɓa bindigar maharbi, haka aka ce, shi ma yana dariyar maganar amma bai taɓa karya ta ba. Don haka ni a gefe nake tsugunawa in yi kallo. Zai toshe 'yar ƙofar da wuta ke shiga da ƙaya, ya tsiyaya ruwan zafi a bututun, ya girgiza, ya zubar. Ruwan farko baƙi yake fita, da wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Haka zai yi ta yi har ruwan ya fito fari. Sannan ya naɗa tsumma a sandar ɗuri ya goge, ya sake, ya goge, a ƙarshe ya shafa man kaɗanya ɗan kaɗan.

Na ce masa, "Tsoho, ruwan sanyi ba ruwa ba ne? Itace kake ƙarar mini."

Ya ce, "Taɓa nan da bakin zanenki. Kin ji zafi? To zafin ne ke busar da ita da kanta. Ruwan sanyi yana ɓuya a ciki. Tokar albarushi kuma kamar gishirinki take, ruwa take sha daga iska. In ta kwana biyu a ciki da damina, sai ta fara cin ƙarfe. Ramin da ta ci kuwa ba ya cikowa."

Ni mai tambaya ce tun ina yarinya, a gidanmu har duka na sha a kan haka. Shi kuwa tambaya daɗi take yi masa. Ran da yake narka dalma a tsohon ludayin ƙarfe yana zuba harsasai, ya ce in kawo tirena na aure. Na zaci goro zai zuba. Sai ya ɗora harsasan a kai, ya ɗan karkata tiren, suka gangara. Wanda ya tafi sumul ya ware shi dama. Wanda ya yi rawa ko ya kauce, ya mayar da shi ludayi. Na ce duk ai dalma ce, duk kuma kisa za su yi. Ya ce, "Wanda ya yi rawa a tirenki, a iska ma rawa zai yi." Da idonsa ya fara rauni, ni ya bar wa wannan aikin, tunda harsashi ba bindiga ba ne. Albarushi kuwa ba ya zubawa da ka. Ƙarshen ƙahon rago gare shi da ya yanke, shi ne ma'auninsa, ya cika shi ya share bakin da ɗan yatsa, kullum haka, ko zomo ne ko gadu.

Har zanena bai tsira ba. Akwai ɗan ƙyallen da yake naɗe harsashi da shi kafin ya tura, don ya zauna daram a bututu. Wata rana ya ga wani tsohon zanen saƙi da nake goyo da shi, ya murza bakinsa da yatsu, ya ce, "Amarya, sadakinki na biya, wannan zanen nawa ne." Shekara da shekaru yana yanka shi ƙanana ƙanana. Da na ga ya kusa ƙarewa na ba shi guntun atamfa. Ya gwada, ya dawo yana tsaki, wai ta yi sirara, harsashi yana wasa a ciki, harbinsa ya sauka ƙasa. Na ɓoye ragowar saƙin a adudu, ina ba shi kaɗan kaɗan kamar magani.

Kada a ce ni kaɗai ke yi masa. Lokacin da na yi jegon ɗana na biyu, jikina ya ƙi daɗi, abinci ba ya shiga. Tsohon nan, da gwiwarsa mai ciwo, ya riƙa sammako yana kawo zabin daji, ya miƙa ta bakin ƙofa ya ce, "A dafa wa matata, kada a ba ɓarawon da ya sace mini ita ko ƙashi." Da romon zabin nan na tashi.

Sai maganar suri. Gaskiya ne, in ya wanke bindiga, ba ya fita da ita daji sai ya je bayan gida ya ɗirka wa surin nan harbi ɗaya. Matan gida kan rufe bakinsu su ce ya je gaisuwa. Na daɗe ina haɗiye tambayar, ran nan dai na kasa.

"Tsoho, wa ke cikin surin nan?"

"Gara."

"To me ta yi maka?"

Ya yi dariya har da tari. Ya ce in ɗauko sakaina in biyo shi. Ya kafa ta a jikin surin, ya ja da baya, ya durƙusa, ya harba. Ƙasa ta tashi a hagu da sakainar, sama kaɗan, kamar faɗin tafin hannu. Ya sake ɗuri da ƙahon nan da ƙyallen nan, ya koma inda gwiwarsa ta yi shaida, ya harba. Sakaina ta tarwatse.

Ya ce, "Kin gani? Hannu ɗaya, ido ɗaya, awo ɗaya. In an wanke ta, harbin farko ba na kowa ba ne, na suri ne. Maiƙon da ya rage a ciki ke sa harsashi ya zame ya kama wata hanya. Sai hayaƙin harbi ɗaya ya kwanta a bututun, sannan na biyu da na uku za su bi sawun juna. In kuma an yi ta harbi ba wanki, datti ya yi kauri, harsashi ba ya shiga sai da duka, ya lotse, ya fita a karkace."

Na juya maganar a raina. Na ce, "Wato kamar sabuwar tukunya. Ruwan farko warin ƙasa yake yi, ba a ba baƙo."

Ya dube ni ya ce, "Ashe yaron nan bai san abin da na ba shi riƙo ba."

Na tambaye shi wa ya koya masa. Nan ne kaɗai na taɓa ganin ya ƙi amsa tambayata. Ya saɓa bindiga ya ce rana ta yi.

Wanda ya san gidanmu ya san rigimarsa da ƙanensa, wanda muke kira Baba Ƙarami. Shi ma maharbi ne, yana ɗingisa ƙafar dama tun kafin a haifi iyayenmu. Shi bai taɓa wanke bindiga ba a rayuwarsa. Albarushi a tafin hannu yake aunawa, harsashinsa kuwa duk abin da ya samu, guntun ƙusa, ƙwallayen ƙarfe na tsohon keke. In ya ga tukunyata a wuta sai ya ɗaga murya:

"Matar Yaya, an sake haihuwa ne? Yau ma wankan jego za a yi wa bindiga?"

Baba Tsoho ya amsa daga ɗaki, "Tambaye shi, Amarya, wadda ke hannunsa ta nawa ke nan? Tsatsa ta gaji da cin nasa."

"Tawa dai in na nuna ta gabas, gabas take zuwa."

"Da yamma, da kudu, duk a harbi ɗaya."

Kusan kullum sai an yi. Wani lokaci abin ya wuce wasa, su yini ba sa magana, amma da magariba a akushi ɗaya za ka gan su. Abin da na lura da shi shi ne, duk zafin rigimar, in Baba Ƙarami ya ce wankakkiyar bindiga mayaudariya ce, Baba Tsoho ba ya mayar da wannan. Sai ya sunkuyar da kai ya ci gaba da gugarsa.

Ranar da ciwon ajali ya kama shi, gona ya je korar birai daga masara. Na ji harbinsa daga nesa, na ɗora tukunya. Ruwan sama ya tare shi a hanya, ya shigo jiƙe sharkaf yana rawar ɗari. Ya rataye bindiga ya kwanta. Na je bakin ƙofa na ce ruwa ya tafasa. Ya ce, "Bari in ɗan huta." Ruwan ya huce, na sake ɗorawa. Ya ce, "Gobe, Amarya." Goben ba ta zo masa da sauƙi ba. Magana ta ƙarshe da ya yi mini, na kai masa kunu, ya ɗaga ido ya dubi bango inda take rataye, ya ce, "Ba a wanke ta ba fa." Bayan wannan sai salati.

Ana dawowa daga maƙabarta, Gwaggo, babbar 'yarsa, ta sa kwaɗo a ɗakin ta ɗaure mabuɗin a bakin zanenta. Ta ce ko allura ba mai taɓawa sai an yi sadakar arba'in an raba gado. Ba ta yi laifi ba, ta ga gidajen da suka watse a kan tabarma. Amma ni ina kallon sama tana zuba, ina tuna gishirin da ke narkewa a kwanona. Ranar sadakar bakwai ta buɗe ɗakin don a ɗauko buzu, na leƙa ta bayanta. Bakin bindigar ya fara ja.

Na gaya wa maigida. Ya ce, "Ki rufa mini asiri. In na buɗe baki a kan bindigar nan, za a ce tun kabari bai bushe ba muna kwaɗayin gado. Ke kuma a ce ke kika zuga ni." Gaskiya ya faɗa. Mutum ɗaya ne a gidan zai iya ce wa Gwaggo kawo mabuɗi ta kawo, shi ne kuma mutumin da ya yi shekara da shekaru yana yi wa tukunyata dariya.

Da la'asar, bayan baƙi sun ragu, na same shi shi kaɗai a zaure, ya miƙe ƙafar nan tasa. Na durƙusa na gaishe shi.

Ya ce, "Matar Yaya, ke da ke cikin takaba me ya fito da ke?"

Na so in yi dariya, hawaye ya riga ta. Ban san ta inda zan fara roƙo ba, sai na fara ta inda na saba. Na ce, "Baba, tambaya gare ni. Wa ya koya wa Tsoho harbin suri? Shi ya ƙi gaya mini."

 Ya dafa cinyarsa ta dama ya ce, "Wannan."

Ya ce suna samari suka shiga kurmin bayan Zuma. Da safen ranar Yayansa ya wanke bindigar mahaifinsu tas, tana ƙyalli. Suka yi kiciɓis da ɓauna, ta yo kan ƙaramin. "Yaya yana tsaye kamar daga nan zuwa bakin rijiya. Mutumin da ke sauko da kurciya daga kan rimi. Ya auna, ya harba, harsashi ya goge ta a doro ya wuce. Ta ɗauke ni da ƙaho ta yar. Shi ya goyo ni har gida. Da na farfaɗo na ce masa, wankinka ne ya karya ni. Bai musa ba. Bai kuma daina wanki ba, ya ce ba zai bar tsatsa ta cinye abin da Babanmu ya bari ba. Sai ya yi wata guda yana wankewa yana harbin suri, yana wankewa yana harbin suri, har ya gane inda matsalar take." Ya share fuskarsa da hannun riga. "Duk harbin surin nan da kike ji, ƙafata ake ba haƙuri."

Na ce, "Kai kuma ka ƙi haƙura?"

"Na haƙura tun ina goye a bayansa. Amma in na wanke tawa, da me za mu yi hira?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Baba, ba a wanke ta ba. Bakinta ya fara ja."

Ya ce, "Na sani. In na wuce ƙofar ina jin warin tokar." Sannan ya ce, "Gwaggonku ta fi ɓaunar nan ƙaho. Je ki, magariba ta yi."

Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Allah ya jiƙan Baba Tsoho, ya wanke shi fiye da yadda ya riƙa wanke abin da aka ba shi amana, ya sanyaya makwancinsa. Da wannan addu'ar na kwana.

Washegari bayan sallar asuba na ɗauko baƙar tukunyar na ɗora. Na buɗe adudu na ciro ragowar saƙin, bai fi tafin hannu biyu ba, na yayyanka. Na ɗebo man kaɗanya a murfin kwano, na karyo ƙaya ɗaya. Da ruwan ya yi tsalle na kai su duka ƙofar ɗakin mai kwaɗo na ajiye, na koma gefe na tsuguna inda na saba. Matan gida suna wucewa suna kallona. Ruwa yana ta tururi, ni kuma ina tunanin in ya huce sau nawa zan iya sake ɗorawa kafin a ce na taɓu.

Sai na ji takun nan da ba ya daidaita, ɗaya mai nauyi ɗaya mai ja. Gwaggo na biye da shi, fuska a ɗaure, tana kwance bakin zanenta. Ta ce, "A gabana za a yi, a gabana za a mayar."

Baba Ƙarami ya fito da bindigar, ya zura sanda ya tabbatar ba ɗuri a ciki, ya zauna a kan turmi. Ya dubi tukunya, ya dubi tsumma, ya dubi ƙaya. Ya ce, "To, matar Yaya, da me ake farawa?"

Na gaya masa. Ruwan farko ya fito baƙi da ja a ciki. Ya ƙona yatsa, ya zagi tukunyar. Muka yi ta yi har ruwa ya fito fari, ya ɗaga bututun ya haska shi da hasken safiya ya ce tsatsar a baki ta tsaya, ba ta shiga ciki ba. Ya shafa mai. Na zaci zai miƙa wa Gwaggo. Sai ya ce a ba shi ƙahon ragon. Ya cika, ya share baki da ɗan yatsa, ya naɗe harsashi da saƙina, ya ɗingisa zuwa bayan gida. Muka ji ƙarar, kaji suka watse.

Ya dawo idonsa jajur, yana murmushi. Ya ce, "Hagu ta tafi, sama kaɗan. Na gaya masa, mayaudariya ce."

Na ce a hankali, "Baba, yanzu kuma ta sake yin toka. Ga shi za ta koma rataye har arba'in."

Ya dubi bindigar, ya dube ni. Gwaggo ta juya baya, kafaɗunta suna rawa, ban san ko dariya ce ko kuka ba.

Ya koma kan turmi ya zauna, ya ce, "Ɗora wani ruwan."

Na ƙara itace, na ɗora.